Samfurin muƙamuƙi kafin tiyata: wace na'ura za a ba aikin?

Likitan tiyatar fuska a Jidda ko Riyad, idan zai cire ƙari daga muƙamuƙi, yana son ya riƙe kwafin ƙashin a hannu tun kafin ranar aiki. A jikin kwafin zai lanƙwasa farantin taitaniyam ɗin da zai ɗaure ƙashin. Kwafin ya kauce da milimita 2, faranti ba zai kwanta ba, cizon majiyyaci ya karkace. Saboda haka ga ɗan uwan da aka ɗora wa sayen na'urar 3D mai buga irin wannan samfuri, ko zaɓen kamfanin da zai buga, ga abin dubawa.

Mafi araha ita ce FDM, mai narka zaren roba tana jera shi layi bisa layi, kaurin kowane layi wajen milimita 0.1 zuwa 0.3. Don nuna wa iyalin majiyyaci inda za a yanka, ko lanƙwasa faranti a muƙamuƙin ƙasa mai kauri, ta wadatar. Sai dai zarenta na roba mai suna PLA yana fara laushi a wajen digiri 60. Ka bar samfurin a mota da azahar a watan Yuli, ka dawo ka tarar ya murɗe. Tukunyar kashe ƙwayoyin cuta kuwa, mai digiri 121 ko 134, ba a ma maganarta.

SLA tana daskarar da ruwan rezin da haske, layinta na iya sauka zuwa milimita 0.025, haƙora da ƙananan ramuka su fito tsaf. Ni ita nake fifitawa. Amma tana da hidima: a wanke da alkohol, a gasa da hasken UV, in an yi gaggawa siraran wurare su banƙare. SLS mai hodar nailan tana da ƙwari, tana jure tukunya, kuɗinta ne dai sai babban asibiti.

Abin da dillali ba zai faɗa maka ba shi ne, kuskure kan shigo tun kafin a kunna na'ura. Hoton CT, wato hoton asibiti mai nuna cikin jiki yanka-yanka, mai kaurin yanka milimita 3 ba zai haifar da samfurin kirki ba. Nemi 1 ko ƙasa. Cikon haƙori na ƙarfe yana watsa zane a hoton. Ƙashin ƙasan kwarmin ido siriri ne kamar ɓawon ƙwai, manhaja takan ɓatar da shi, samfuri ya fito da ramin da babu shi a jikin mutum. Ko da manhajar Mimics aka yi aikin ko da 3D Slicer na kyauta, hannun mai ware ƙashi daga nama ne ke gyara wannan.

Kafin ka biya, ba kamfani hoto ɗaya gwaji. Auna tazarar da ke tsakanin kawunan muƙamuƙi biyu a kwamfuta, sannan ka auna a samfurin, ka kwatanta. In kuma abin zai taɓa jikin majiyyaci a ɗakin tiyata, tambayi takardar rajistar kayan daga SFDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Saudiyya.