Keke Ba Birkin Gaba: Ingila Da Jamus

Ɗan'uwa, ka ce kana hawan keken tsere a Landan, irin wanda fedarsa ke juyawa tare da tayar baya, kuma ba ka sa masa birki ko ɗaya ba. Yanzu karatu zai kai ka Jamus, kana so ka san inda doka ta fi tsauri da abin da zai hau kanka idan ka buge mutum.

Tun a Landan ɗin ka riga ka saɓa doka. Ƙa'idar kekuna ta 1983 ta ce keken babba sai da birki biyu, kowanne na aiki da kansa. Sassaucin da Ingila ta yi wa irin kekenka shi ne ta ɗauki riƙe feda da ƙafa a matsayin birkin baya. Na gaba kuwa babu makawa.

Jamus ma biyu take nema, a sashe na 65 na dokar kayan ababen hawa. Birkin da ake taka feda baya ya kama, wanda ya cika kekunan can, ana lissafa shi ɗaya. Amma kada ka dogara da sassaucin Ingila, domin 'yan sandan Balin, babban birnin Jamus, sun sha ƙwace kekuna irin naka. Ka sa na hannu biyu, da ƙararrawa, da fitila in dare zai same ka. Tarar rashin birki daga Yuro 10 kacal take farawa, shi ya sa samari ke raina ta.

Ni ba tarar ce ke tayar mini da hankali ba. A Fabrairun 2016, wani yaro ɗan shekara 18 ya buge wata mata mai 'ya'ya biyu tana tsallaka titin Old Street a Landan, ta rasu a asibiti. Kekensa ba birkin gaba, kuma a kan wannan masu ƙara suka tsaya, cewa da akwai shi da ya iya tsayawa. Kotu ta wanke shi daga kisa ba da niyya ba, amma ta kama shi da tuƙin ganganci ƙarƙashin dokar 1861, wadda aka yi tun zamanin keken doki. A 2017 aka yanke masa ɗaurin wata 18.

Sai diyya. A ƙasashen biyu ba a tilasta wa mai keke yin inshora, kuma wanda ka raunata yana iya kai ka kotu ya nemi kuɗin magani da na aikin da ya rasa. A Jamus sashe na 823 na kundin dokar farar hula ne ke ɗora maka biyan, kuma ba shi da iyaka, yana iya bin ka shekaru. Don haka yawancin gidaje can suna da inshorar ɓarnar da mutum ya yi wa wani, kuɗinta a shekara bai kai na taya biyu masu kyau ba. Ka yi ta a makon da ka sauka.

Birkin gaba kuwa, don Allah ka kai keken wajen mai gyara gobe, kafin ka sake hawa titi da shi.