Masu awon nauyin ruwa a rijiyar mai: aikinsu ya yi, amma da sauran gyara

Kamfanin da muka ɗauko daga Fatakwal su duba mana wata rijiya da ruwa ya fara yi wa yawa, gaskiya ba laifi, sun san abin da suke yi. Mu dai so muke mu gane daga wane zurfi ruwan ke kutsowa, don a sama komai a cakuɗe yake fitowa, ba ka isa ka ce ga inda matsalar take ba.

Na'ura biyu suka zura da waya. Ta farko ita ce gradiomanomita, wadda ke auna bambancin firesha tsakanin wurare biyu masu tazarar kamar ƙafa 2, daga nan a fitar da nauyin abin da ke cikin bututun. Ruwa 1.0 ne a giram kan cc (wato santimita kubik), mai gishiri ya ɗan haura, ɗanyen mai wajen 0.8, gas kuwa can ƙasa sosai. To amma rijiyar tamu a karkace take, kuma ita wannan na'urar in karkatar ta kai digiri 60 rabin nauyin kawai za ta nuna maka sai an yi gyaran lissafi, in kuma gudun abin da ke cikin bututun ya yi ƙarfi gogayya ma ƙara lambar take yi. Injiniyansu bai ɓoye mana ba wallahi, a gabanmu ya buɗe kwamfuta ya yi gyaran, nan ya burge ni.

Ta biyun mai hasken gamma ce, wato hasken nukiliya, ita ma nauyin take aunawa, karkata ba ta ruɗa lissafinta, sai dai abin da ya ratsa ta jikinta kaɗai take gani, alhali a rijiya mai karkata ruwa kwanciya yake a ƙasan bututu mai na bi ta samansa kamar man gyaɗa a kan miya. Da aka haɗa sakamakon biyun da na farfelar da ke auna gudu sai ga shi ƙarara, hujin da ke can ƙasa a jikin bututun rijiyar ne ke ba mu ruwan.

Inda suka ɓata min rai takardu ne. Kayan nukiliya ba a yawo da su sai da izinin NNRA, hukumar kula da harkokin nukiliya ta Najeriya, kowa ya sani, su kuwa sai da suka iso suka fara buge-bugen waya ana neman takarda, mu muna zaune kuɗi na tafiya. Rahoton ƙarshe ma sai da na yi ta bibiya. Zan sake kiransu, amma sai na ga takardun da idona kafin motarsu ta tashi.