Wasiƙa Daga Amurka Kan Fikof Ɗin Jita Masu Sautin Da

Ƙanena, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya a Barnawa, ga bayani kan fikof (na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiyoyin jita ta miƙa wa amfilifaya) da ka ce in nemo wa jitarka ƙirar Stratocaster, wadda ake sa wa fikof uku.

Shagunan kayan kiɗa a nan suna barin mutum ya jona jita da amfilifaya ya yi ta gwaji ba tare da an matsa masa ya saya ba, saboda haka da kunnena na ji abin da zan faɗa maka. Duk waɗanda na gwada suna bin tsarin da kamfanin jita na Fender ya fito da shi a 1954: sandunan maganaɗisu shida na alniko (wani gamin ƙarafa), an naɗe su da siririyar wayar tagulla zagaye dubbai, kuma yawan naɗin ne ke sauya sautin. Custom Shop '69 na Fender naɗinsa kaɗan ne, om 5,800 ko kusa da haka a ma'aunin turjiyar waya ga lantarki, shi ya sa sautinsa ke fita garau, kowace tsirkiya ana jin ta daban, kuma a cikin shago shi ya fi burge ni. Texas Special, shi ma na Fender, an ƙara masa naɗi, sai muryarsa ta yi kauri da ƙarfi, amma zaƙin nan na da ya ragu. California 50's na kamfanin Seymour Duncan yana tsakaninsu.

Sai dai shagon Amurka daban, zauren biki a Kaduna daban. Fikof mai naɗi ɗaya yana kwaso ƙugin wutar lantarki, matsalar da ta sa Seth Lover ya ƙirƙiro wa kamfanin jita na Gibson mai naɗi biyu a 1955, kuma ka fi ni sanin yadda ƙugin nan yake tashi idan aka kunna janareta a wurin da ba a ja wayar ƙasa ba. A nan ne '69 ya gaza mini, domin na tsakiyarsa daidai yake da sauran biyun, kamar yadda ake yi a wancan zamani. Texas Special da California 50's kuwa an juya wa na tsakiyarsu naɗi da maganaɗisu, don haka idan ka ajiye makunnin zaɓen fikof a matsayi na 2 ko na 4, inda na tsakiyar ke aiki tare da ɗaya daga cikin sauran, ƙugin yana ɗaukewa ɗif. Ga mai kiɗa a Kaduna, wannan ya fi kamanceceniya da kayan da muhimmanci.

Seymour Duncan yana ba mai saye a nan kwana 21 ya musanya idan sautin bai yi masa ba, amma wannan dama ba za ta amfane ka ba da zarar kaya sun iso Kaduna. Na sayi California 50's. Ka kai wa mai gyaran rediyo wanda hannunsa ya faɗa da aikin dalma, ya shimfiɗa fallen tagulla a cikin ramin jitar, kuma ya sa duka ukun tare, kada ya gauraya su da na Fender, domin idan maganaɗisunsu suka saɓa sautin zai fito siriri.