"Take the edge off" da "tone down": wanne za ka ɗauka?

Duka biyun rage ƙarfin abu suke nufi a Turanci, amma ba a musanya su.

"Take the edge off" daga bakin wuƙa ya samo asali: an dakushe kaifin, wuƙar kuwa tana nan. Abin da ke cizon jiki ko zuciya ake faɗa wa shi, kamar ciwo, yunwa, sanyi ko fargaba. Mai ciwon haƙori ya sha farasitamol, raɗaɗin ya lafa har ya samu ya runtsa, amma haƙorin bai warke ba. Sai ya ce maganin "took the edge off". Haka wanda ya ɗan taɓa biskit kafin a sauke tukunya. Sai dai a kula, a Ingila da Amurka idan mutum ya taso daga aiki ya ce yana son abin da zai "take the edge off", sau da yawa giya yake nufi.

"Tone down" kuwa na abin da mutum ya fitar ne ya yi yawa: zafin magana, rubutu, launi mai ɗaukar ido, kwalliya. Edita ya karanta sharhi mai zafi, ya mayar wa marubucin ya ce "tone it down", wato ya sassauta harshe. Ana cewa "tone it down", ba "tone down it" ba.

A wasiƙar ofis na fi natsuwa da na biyun. Na farkon ya fi dacewa da hira.