Sharhi kan manhajar hira da na gwada domin rage ƙiba a Kumasi

Manhajar hira ta wayar salula, irin wadda ake rubuta wa tambaya ta amsa nan take, ta taimake ni wajen rage ƙiba, sai dai ƙarfinta yana wajen lissafi da tunatarwa ne. Da na ba ta tsawona da nauyina, ta fitar mini da ma'aunin BMI, wato lambar da ke nuna ko nauyin mutum ya dace da tsawonsa, ta kuma bayyana cewa a wurin Hukumar Lafiya ta Duniya, daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 kuwa ƙiba ce sosai. Ita ce ta rarraba mini mintuna 150 na motsa jiki da hukumar ke so babba ya samu a mako, har na koma zuwa kasuwar Kejetia daga unguwar Aboabo a ƙafa maimakon hawa trotro, wato ƙaramar motar haya.

Rauninta ya bayyana ne a kan abincinmu. A Zango ba a sayen waakye, wato shinkafa da wake, da awon giram. Kuɗinka za ka faɗa, mai abinci ta zuba da ludayinta, ta ɗora taliya da gari da ƙwai, sannan ta malala shito, wato yajin da ake soyawa da mai. Manhajar takan ƙiyasta shinkafa da waken daidai gwargwado, amma ta raina man da ke cikin shito, alhali giram ɗaya na mai yana da kalori 9, na shinkafa da sauran abinci mai sitaci kuwa bai wuce 4 ba. Haka nan ba ta tambayar cokali nawa na sukari aka zuba a koko, ko ƙosai nawa aka haɗa da shi, sai mutum ya faɗa da kansa. Shawarwarinta na farko ma abincin Turawa ne da ɗalibi ko ɗan koyon sana'a ba zai iya saye kullum ba. Sai da na nace kafin ta koma kan tuwon zafi da miyar ayoyo, ta ce a rage malmala a ƙara ganye.

Abin da ya fi damuna shi ne saurin yardarta. Duk yadda ka tsara magana takan bi ka, kuma matashin da ke gaggawar ramewa zai iya jan ta har ta tsara masa cin abinci kaɗan fiye da yadda jiki zai ɗauka. Shi ya sa da ƙanwata mai ciwon sukari ta nemi in sa mata ita a waya, na ce ta fara kai maganar wurin likitan da ke duba ta.