Kayan goge monita da na saya: ƙyallen ya yi, ruwan kuma sai a hankali

Ni dai shagon taifin da firintin gare ni a Zariya, kwamfutoci huɗu, uku na tebur ɗaya laftof, kuma ƙofarmu titi take kallo, to duk wanda ya san garin nan da hunturu ba sai na yi masa dogon bayani ba. Daga Nuwamba har wajen Fabrairu in ka goge monita da safe kafin azahar za ka iya rubuta sunanka a kai da yatsa. Ga kuma kwastomomi, Allah ya bar mu da su, mutum ya gama cin awara ko ƙosai ya shigo ya dangwala yatsa a sikirin yace "Malam nan ne ka yi kuskure a sunana", shikenan ya bar maka tambarin mai. In lokacin mangwaro ya zo kuma kashin ƙuda ya ɗora nasa.

Wata uku kenan da na sayi wani kunshin kayan gogewa wajen masu kayan waya, irin mai abu uku a kwali ɗaya: gorar feshi mai mil 200, ƙyallen maikurofaiba, wato mai siraran zare masu taushi, sai ɗan burushi mai laushi. Kuɗinsa bai kai na rim ɗin takarda ɗaya ba. Na bari sai da na yi amfani da shi sosai kafin in ce komai, don kar in yabi ɗan kuturu tun bai shekara arba'in da yatsa ba.

Dalilin sayen ma asara ce ta ja. Yaron shagona, yaron kirki ne wlh, ya ga monita ta yi dauɗa ya ɗauko shuɗin ruwan nan na wanke gilashin taga ya fesa mata kai tsaye tana kunne, ya bi da tishu yana dirza kamar mai wanke tukunya. Washegari muka kunna sai ga wani siririn layi kore tun daga sama har ƙasa, gefe ɗaya kuma ya yi dabbare-dabbare kamar an zuba masa man gyaɗa. Mai gyara da ya buɗe yace ruwan ne ya gangara ya shige ƙarƙashin baki, can inda siraran wayoyin allon suke manne, kuma gyaran ya kusa kuɗin wata ta hannu. Ban yi wa yaron faɗa sosai ba don nima da haka nake yi zamanin monitocin nan masu ƙusumbi, su fuskarsu gilashi ne mai kauri ko da gefen riga ka goge babu ruwansu. Na yanzu ba haka suke ba, abin da hannunka ke taɓawa a yawancinsu wata siririyar leda ce da aka yi mata shafe don kar haske ya riƙa dawo maka ido, kuma amoniya da ke cikin yawancin ruwan wanke taga cinye wannan shafen take yi.

Burushin na fi rainawa da farko, ashe shi ne babba. Ƙurar hunturun nan da iska ke kwaso mana daga Sahara, har da ta kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ba gari ba ce zalla, akwai ɓarɓashin yashi a ciki, kuma yashi ko gilashi yana karta balle leda. To in ka sa tsumma ka danna a kan ƙurar nan kamar ka sa samfefa ne, ba za ka gani ranar ba sai wata rana hasken taga ya bugi allon ka ga ƙananan zane-zane birjik. Yanzu sai na kashe monita, in bari ta huce, in kaɗe ƙurar da burushi daga sama zuwa ƙasa har da lungunan baki, sannan ƙyalle ya hau. Kashewar ma da amfaninta, a baƙin allo ne kake ganin dauɗar da kyau. Aibin burushin ɗaya, bayan wata guda gashin ya fara zubewa ɗaya-ɗaya, sai ka tsince daga cikin kibod.

Ƙyallen kam ya yi, ba ni da ta cewa. Baya barin zare-zare irin na tishu ko tsohuwar singileti, kuma shatin yatsa in sabo ne ko ba ruwa yana ɗauke shi in ka bi a hankali. Sai dai ƙarami ne ainun, kamar tafin hannu biyu, ga monita mai inci 24 sai ka yi ta ninkewa kana neman gefen da bai yi datti ba, ga shi guda ɗaya tal suka saka alhali aikin biyu yake so, ɗaya mai danshi ɗaya busasshe. Ina wanke shi duk sati da ɗan sabulu kaɗan in ɗauraye sosai in shanya a cikin ɗaki, don in ka shanya a waje da hunturu ka koma gidan jiya, sannan in sa shi a leda in ƙulle. Na taɓa jin cewa kamfanin Apple sun fito da nasu ƙyallen a 2021 suna sayarwa dala 19, na yi dariya nace lallai, amma yanzu na gane dai ƙyalle ba ƙaramin abu ba ne a harkar nan, ko da yake ni ba zan ba da wannan kuɗin ba.

Sai ruwan, a nan ne na ɗan yi tsaki. Jikin gorar an rubuta babu alkohol babu amoniya, madalla, amma ba su faɗi me ke ciki ba, sai ƙamshin lemon tsami da ɗan kumfa in ka girgiza. Yana aiki, tabon mai da kashin ƙuda suna fita in ka ɗora ƙyalle mai danshi ka ɗan jira kaɗan ya jiƙa, ba sai ka sa farce ba. Amma in ka fesa da yawa yana barin wani hazo-hazo a allo sai ka sake bi da busasshen gefe sau biyu ko uku, kuma bakin feshin nasa tsartuwa yake yi maimakon ya watsa. Abin da ya fi ba ni haushi, hoton da ke bayan kwalin hannu ne yana fesa wa sikirin kai tsaye, wato dai ainihin abin da ya kashe min monita. Dan Allah a ƙyalle ake fesawa, sau ɗaya ko biyu, ya yi danshi kawai ba ya jiƙe ba.

Na yi gwaji don in cire wa kaina kokwanto, rabin allo da ruwan nasu rabi da tataccen ruwa na kemis, wanda ba shi da gishiri-gishiri a ciki. A ƙura da shatin yatsa na yau da kullum ban ga bambanci ba sam, sai a tsohon tabon mai ne nasu ya ɗan fi sauri. Ruwan burtsatse kuwa kar ma a fara, yana bushewa ya bar farin shati. Wani maƙwabcina yace ai ruwan batir ma tatacce ne, eh wanda ake ƙarawa haka yake, amma akwai mai asid kuma sau da yawa a gora iri ɗaya ake ɗura su, ni dai ba zan yi wannan cacar da monita ba. Sanitaiza ma na gwada a laftof tun lokacin korona, maiƙo kawai ya bar min saboda gilisirin da ke ciki. Shi alkohol mai kashi 70 wasu kamfanoni sun yarda a goge allon wayoyinsu da shi, amma fuskar waya gilashi ce, monita mara sheƙi kuma sai ka duba takardar da ta zo da ita.

In maki zan ba da, ƙyalle huɗu cikin biyar saboda ƙanƙanta, burushi huɗu, ruwa biyu da rabi. Wanda ke da kwamfuta ɗaya a gida ya saya, gorar za ta daɗe masa. Mu masu shago kuma gara manyan ƙyallaye biyu ko uku da burushi mai kyau. Tawa gorar ta kusa ƙarewa, in ta ƙare wanke ta zan yi in ɗura tataccen ruwa, kuma na riga na ajiye tsohon biro mai murfi a gefen kowace kwamfuta, duk mai son nuna min kuskuren sunansa ya nuna da shi daga nesa.