Gargaɗi ga masu gyaran jirgin ruwa: ku kula da mai sayar da fakin ɗin farfela a WhatsApp

Salam jama'a, musamman 'yan uwa makanikai da masu kula da jirage a bakin ruwan Legas. Akwai wani mutum da ke yawo a guruf-guruf yana tallan igiyar fakin da sil na sandar farfela (abubuwan da ke tare ruwa a inda sandar ta ratsa jikin jirgi), wai kayan waje ne daga kwantena, ni ya ci kuɗina kuma saura ƙiris ya nutsar min da jirgin oga.

Jirgin da nake kula da shi mai tafiya da iska ne amma yana da ƙaramin injin dizal a ciki, sandar inci 1 ce ta ratsa ƙasan jirgi zuwa farfela, to wajen da ta ratsan nan ne ake cusa fakin zobe 3 a ɗaure da noti don kar ruwa ya shigo. Nawa ya tsufa, na ɗaure notin har ya ƙare ruwa bai daina zuba ba. Sai na ga tallan mutumin, ya ce fakin ɗin Teflon ne orijinal, wato mai santsi da jure zafi, har da hoton kwali. Na tura kuɗi ya aiko a mota.

Tun buɗe leda na ji warin giris ɗin mota amma na ce bari dai. Na yanka zobe 3, na jera su bakin kowane yana kallon gefe daban kamar yadda ake yi, na ɗaure da hannu na ƙara kaɗan da sifana. Mun fita ko minti 20 ba mu yi ba na sa hannu a kan notin, wallahi kamar tukunyar da ke kan wuta. Ai fakin mai kyau in inji na aiki ɗigo 2 ko 3 zai riƙa yi a minti, ruwan nan shi ke sanyaya shi, in an tsaya kuma ya yi shiru, kuma za ka iya riƙe notin da hannunka. Wannan na sassauta ruwa ya ɓalle, na matsa ya ɗau zafi, babu tsakiya. Da muka dawo na zaro shi da ƙugiya sai ga zaren auduga yana warwarewa, igiyar talakawa ce kawai aka tsoma a giris. Ga sandar ta fara yin zane, in zanen ya yi zurfi kuwa ko fakin na gaskiya ka sa ba zai riƙe ba.

Kilif ɗin tiyo da ya haɗa min a matsayin kyauta ma wai sitenles ne, ƙarfen da ba ya tsatsa, amma sati 2 sukurun ya yi tsatsa ja.

Na kira shi, maimakon haƙuri sai ya fara tallata min sil marar ɗigo, samfurin da ake kira PSS mai roba kamar zugazugi, wai in ƙara kuɗi. Wani abokin aikina ya riga ya saya a wajensa, ya lanƙwasa robar a gabana duk ta tsattsage, tsohuwa ce aka cire daga wani jirgi aka shafa mata mai. Kamfanin da ke ƙera PSS ɗin da kansa cewa ya yi a canza robar duk shekara 6. Kuma ita in ta fashe a tsakiyar ruwa ba ɗigo ba ne, kwarara ce, gara fakin sau goma, shi ko ya lalace yana ba ka lokaci.

Kafin ku biya kowa ku auna ratar da ke tsakanin sanda da bakin gidan fakin da kanku, kar ku yarda da "zai shiga", kuma ku ce sai kun ga kaya a hannu kun yanki ɗan guntu kun duba saƙar. Baƙin fakin mai girafayit (irin baƙin abin da ke cikin fensir) kuma ku bi a hankali in sandarku ta tagulla ce, cikin ruwan gishiri yana cin ta.

Ya riga ya yi bulokin ɗina, na ji kuma ya canza lamba da hoto, yanzu wai yana tallan har da fakin famfon noman rani.